Likitancin Fata da Fatar da Babu Ita a Littafi

A cikin dukan rassan aikin likita babu wanda ya dogara da ido kamar likitancin fata. Mai duba zuciya yana da na'urar sauraro, mai duba ƙashi yana da hoto, mai binciken jini yana da ɗakin awo, amma likitan fata da kallo yake fara aikinsa, kuma sau da yawa da kallon nan yake yanke hukunci kafin ya rubuta takardar magani. Ido kuwa ba ya gane abin da ba a taɓa nuna masa ba. Shi ya sa nake ganin muhawarar da ake tafkawa yau a Amurka da Ingila, kan shigar da baƙaƙen fata da sauran waɗanda aka bari a baya cikin wannan sana'a, ta shafi mutumin Maraɗi kai tsaye, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su taɓa zama gaban likitan fata ba tun da aka haife su. Ra'ayina shi ne masu wannan fafutuka suna kan gaskiya, sai dai tafiyar tasu ta tsaya a rabin hanya, ragowar kuwa a wuyanmu take.

A shekarar 2018 wasu masu bincike biyu a Kanada sun bi hotuna sama da 4,000 da ke cikin manyan littattafai huɗu da ake koyar da ɗaliban likita da su, suka tarar kashi 4.5 cikin 100 ne kaɗai ke nuna baƙar fata, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na farar fata ne. Da annobar korona ta zo a 2020, likitoci suka shiga wallafa hotunan ƙurajen da cutar ke fitarwa, sai Dakta Jenna Lester ta jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinta suka tattara hotuna 130 daga mujallun likitoci, ba su sami ko ɗaya na mai baƙar fata sosai ba, a daidai lokacin da cutar ke yi wa baƙaƙen Amurka ɓarna fiye da fararen ƙasar. Hatta ma'aunin da ake kasa fatar ɗan Adam da shi gida shida, wanda Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya fito da shi a 1975, asalinsa an yi shi ne domin a san yawan hasken da za a haska wa fararen majinyata masu wata cutar fata ba tare da sun ƙone ba. Daga baya ne aka ƙara gida biyu a ƙarshe, aka tura kusan dukan mutanen Afirka a ciki. Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ya ga Buzu da Bafulatani da Bagobiri da Bakatsine, daga mai jar fata zuwa wankan tarwaɗa zuwa baƙi wuluk, ya san gida biyu ba za su ɗauke mu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar a kan hoto ta tsaya. Littafin da aka rubuta domin Bature yana koyar da cewa alamar farko ta kumburi ita ce fata ta yi ja, kuma a kan wannan jan aka gina bayanin cututtuka masu yawa. A baƙar fata jan ba ya fitowa yadda aka zana shi. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya koma ruwan toka, ko ya ɗauki launi mai kama da shunayya, ko ya yi sheƙi kawai, wani lokaci ma ba a gane shi sai an ɗora bayan hannu an ji ɗumi, an kuma kwatanta shi da ɗaya ɓangaren jiki. Tsohuwar da ta raini jikoki takan gane baƙon dauro ta hanyar shafa bayan yaro kafin ɗalibin da ke neman jajayen ƙuraje ya ga komai. Mu da ke zaune a yankin da sanƙarau ke ziyarta lokacin zafi ya kamata mu fi kowa damuwa, domin ƙananan ɗigon jinin da ke fita ƙarƙashin fata idan cutar ta shiga jini suna ɓacewa a jikin baƙin yaro, sai wanda aka koya masa ya duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da cikin baki ne zai gan su da wuri. A irin wannan ciwo jinkirin rabin yini na iya zama sanadin rasa rai.

Akwai kuma abin da aka daɗe ana faɗa, cewa baƙar fata ba ta kamuwa da sankarar fata. Gaskiya ne ba ta kama mu da yawa kamar yadda take kama Turawa, amma nau'in da ake kira melanoma idan ya zo mana yakan ɓuya a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta duka kuma likitan da ya saba duba bayan Bature ba ya leƙawa. Ita ce ta yi ajalin mawaƙin nan Bob Marley a 1981, bayan ta faro daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa. A Amurka sama da kashi 90 cikin 100 na fararen da aka gano suna da ita suna kai shekara biyar a raye, su kuwa baƙaƙe kusan kashi 70 ne, kuma babban dalili shi ne ba a gano ta sai ta yi nisa. A ɗaya hannun, matsalolin da suka fi kai mu gaban likita, irin su baƙin tabon da ke zama watanni bayan ƙurji ya warke, da tabon da ke tasowa ya yi tudu bayan hujin kunne ko tsagar wanzami, da zubewar gashin goshi saboda ɗamammen kitso, sun daɗe ba su samun wuri mai yawa a littafi ko a bincike.

Su wa suka tayar da maganar? Waɗanda fatar take jikinsu ne. A Amurka baƙaƙe kusan kashi 13 cikin 100 ne na jama'a, amma a cikin likitocin fata kusan kashi 3 ne kawai, abin da ya sa wannan reshe yake cikin waɗanda suka fi ƙarancin baƙaƙe a dukan aikin likita a can. Daga cikin ƴan ƙalilan ɗin nan Dakta Susan Taylor ta fito, wadda ta buɗe cibiyar kula da fata mai launi a birnin New York a 1999, ta kafa ƙungiyar Skin of Color Society a 2004, ta kuma zama shugabar babbar ƙungiyar likitocin fata ta Amurka a 2025. A Landan, Malone Mukwende, ɗalibin likita ɗan asalin Zimbabuwe, shi ne ya gaji da tambayar malamansa yadda alamun cuta za su kasance a fata irin tasa, ya haɗa kai da wasu malamansa suka fitar da ɗan littafin hotuna a 2020. A ƙarshen 2021 kuma zanen da Chidiebere Ibe, wani matashi ɗan Najeriya, ya yi na baƙin jariri a cikin mahaifa ya zagaya duniya, domin mutane da yawa, har da likitoci, ba su taɓa ganin irinsa ba. Shekaru da dama Turawan da ke rubuta littattafan nan ba su lura da giɓin ba, kuma ban ce mugunta ce ta hana su ba. Mutum yakan lura da rashin abu ne idan shi aka rasa.

Wannan yunƙuri yana da masu adawa, kuma ba su da rauni. A watan Yunin 2023 kotun ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, sannan a watan Maris na 2024 wasu likitoci suka gabatar da ƙuduri a taron ƙungiyar likitocin fata ta ƙasar, suna neman a rufe dukan shirye-shiryen shigar da waɗanda aka bari a baya, ko da yake an yi watsi da ƙudurin. Hujjar masu adawa da irin waɗannan shirye-shirye ita ce majinyaci ƙwarewa yake nema, ba launin likita ba, kuma cancanta ce kaɗai ya kamata ta shigar da mutum aikin da rayuka ke hannunsa. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, kuma ita ce hujjata a kansu. Likitan da ya ci kowace jarrabawa amma bai iya gane kumburi a jikin baƙin mutum ba, ƙwarewarsa ba ta cika ba, jarrabawar da ta ba shi shaidar cancanta kuwa ba ta auna abin da ya kamata ta auna ba. Wuri ɗaya ne nake ba su gaskiya. Baƙar fata ba ta ba mutum ilimin baƙar fata, kuma likita baƙi da aka horar da hotunan Turawa zalla zai yi kuskuren da Bature zai yi.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya dawo da maganar gida, domin a nan Nijar ba mu da matsalar ƙarancin baƙaƙen likitoci, amma giɓin bai bar mu ba. Ɗalibin da ke karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da Faransanci yake karatu, kuma mafi yawan littattafan da yake samu, na takarda ne ko na intanet, a Faransa aka rubuta su domin ɗaliban Faransa. Da dare yana haddace hoton cuta a kan farar fata, da safe ya shiga asibiti inda duk wanda ke kan layi baƙi ne. Wanda ya yi sa'a ya faɗa hannun gogaggen malami zai koyi gyara abin da littafi ya koya masa, wanda bai yi sa'a ba kuwa sai ya koya a jikin majinyata, bayan wasu sun sha maganin da ba nasu ba.

Sai kuma batun yawa da rabo. A ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara ba a samun likitan fata ko ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya, kuma ƴan kaɗan ɗin da muke da su yawancinsu a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan. Mai ƙazuwa a ƙauyukan Dakwaro ko mai makero a Mayahi ba zai taɓa yin wannan tafiya ba. Majon ƙaramin asibitin garinsu, wato ma'aikacin jinya, zai gani, idan bai tsaya ga mai tallar magani a tire ba. Saboda haka idan za a yi maganar shigar da mutane cikin wannan sana'a a ƙasarmu, majon nan da ungozoma da ma'aikacin lafiyar ƙauye su ne na farko da ya kamata a shigar, kuma maƙwabtanmu sun nuna hakan mai yiwuwa ne. A farkon shekarun 2000, a yankin Bamako, Dakta Antoine Mahé da Dakta Ousmane Faye da abokan aikinsu sun ba ma'aikatan lafiya kusan 400 horon yini ɗaya tak kan cututtukan fata ƴan ƙalilan da suka fi yawa, irin su ƙazuwa da makero da ƙurajen da ke ruwa da alamun farko na kuturta, sai yawan majinyatan da ke samun ganewa da magani daidai ya tashi daga kashi 42 zuwa 81 cikin 100. A Moshi ta ƙasar Tanzaniya kuwa tun 1992 akwai cibiyar da ke ɗaukar mataimakan likita daga ƙasashen Afirka da dama tana ba su horon shekara biyu, su koma garuruwansu suna duba fata. Ban ga abin da Mali take da shi wanda ya fi ƙarfin Nijar ba.

Ba ma sai mun je nesa neman malamai ba. A Danja, ƴan kilomitoci kudu da Maraɗi, akwai asibitin da ya shafe shekaru tun cikin shekarun 1950 yana kula da masu kuturta, kuma ma'aikatan irin wannan wuri suna da idon da babu littafin da zai ba mutum. Sukan fitar da majinyaci hasken rana, su dubi wani fili a bayansa da ya ɗan fi sauran jiki haske, wanda ni da kai za mu kira kyasbi mu wuce, su ce ya rufe idonsa, su ɗauki ɗan zaren auduga su taɓa lafiyayyen wuri ya nuna da yatsa, su taɓa tsakiyar filin ya yi shiru domin bai ji komai ba. Da wannan ɗan gwaji ake kama kuturta kafin ta ci yatsu, maganinta kuwa kyauta ake ba da shi tun 1995, wata shida ko wata goma sha biyu mutum ya warke. Abin da ke damuna shi ne irin wannan ilimi yakan tsufa tare da masu shi, domin ba su da digirin da zai sa a gayyace su aji su koyar.

Akwai wata katanga kuma da ba a cika ambata ba, wato ta mata. Na taɓa raka wata ƴar'uwata wani ƙaramin asibiti saboda ƙaiƙayin da ya hana ta barci. Da majo ya ce ta nuna masa wurin, sai ta ɗan janye hannun hijabinta ta miƙa wuyan hannu, inda ƙuraje biyu ko uku ne kawai, ya duba ya rubuta man shafawa, muka fito. Sai da muka kama hanyar gida ta ce wa wadda muka je tare ainihin ciwon yana ƙarƙashin nono da matsematsi, kuma ba za ta iya buɗe wa namijin da ba muharraminta ba, ga labulen ɗakin bai rufe sosai ba, ga mutane a bakin ƙofa. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga laifin majon ba, amma an biya kuɗin magani ba a duba ciwo ba. Likitancin fata sana'a ce ta buɗe jiki, kuma a garin da kunya da addini suke da ƙarfi kamar namu, rashin mata a wannan aiki yana nufin rabin jama'a ana duba musu wuyan hannu ne kawai. Duk iyayen da ke cire ƴa mace daga makaranta su sani suna rage wadda za ta duba matansu da ƴaƴansu gobe.

Matsalar shafe-shafen canza launi ma a nan take shiga. Mayukan da ake sayarwa a kasuwa da shagunan kayan kwalliya da yawansu suna ɗauke da sinadarin hidrokinon, ko magungunan kumburi masu ƙarfi da bai kamata a shafa ba sai da izinin likita, wasu ma har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Sakamakon sananne ne ga ma'aikatan lafiya: fata ta yi siriri, nankarwa ta fashe, kumatu da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, makero ya bazu ya ƙi jin magani, rauni ya ƙi haɗewa bayan tiyata, wata ma ta kamu da hawan jini ko ciwon suga. Mace mai wannan hali ba ta faɗa wa likitan da zai yi mata faɗa ko ya kunyata ta a gaban mutane, sai ta musanta, shi kuma ya yi ta maganin reshe. Tana buƙatar wadda za ta zauna da ita cikin Hausa, ta fahimci cewa zaɓen farar mace da maza ke yi ne ya tura ta, ta kuma nuna mata yadda ake janye man a hankali, domin yanke shi rana ɗaya yana da nasa haɗarin.

Zabiyoyi kuwa su ne aka fi bari a baya. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yaron da fatarsa ba ta da abin kare ta daga rana ana tura shi gona ko talla kamar kowa, kuma sankarar fata tana kashe da yawansu tun ba su manyanta ba. Faffaɗar malfa, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da duba fata lokaci-lokaci domin a cire ƙananan miki kafin su rikiɗe, su ne bambanci tsakanin tsawon rai da gajartarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga watan Yuni, amma rana ɗaya a shekara ba ta sa man ya yi arha a kantin magani. Ina ganin zabiya da wanda ya warke daga kuturta sun cancanci kujera a duk inda ake tsara aikin kula da fata, domin sun san inda ake korar su da inda ake karɓarsu fiye da kowane jami'i.

Yanzu ga wani sabon salo yana tafe, wato manhajojin wayar salula da ake cewa za su dubi hoton ƙurji su faɗi cutar. Ga ƙasar da ba ta da likitocin fata wannan abin marmari ne, amma na'urar ma da hotuna ake koya mata. Wani bincike da masana a Oxford suka wallafa a 2021 ya duba rumbunan hotuna 21 da ake horar da irin waɗannan manhajoji da su, ya tarar a cikin hotuna 2,436 da aka rubuta launin masu su, goma ne na masu fata ruwan ƙasa, ɗaya tak kuma na baƙi sosai. Masu ƙera manhajojin sun gane giɓin, kuma a wurinmu za su zo neman abin cike shi. Ba na ƙin a ba su, amma da sharaɗi. A nemi izinin majinyaci cikin harshen da yake ji, a gaya masa inda hoton zai je, a rufe fuskarsa da duk abin da zai sa a gane shi, a sa sunan likitocinmu cikin masu binciken, kuma abin da aka ƙera ya dawo mana a farashin da asibitin ƙauye zai iya biya. In ba haka ba, sai a wayi gari fatarmu ta shiga littafi, mu kuwa har yanzu muna waje.

A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin da ya sa cututtukan fata cikin manyan matsalolin lafiyar jama'a, kuma ƙasar Kodebuwa ce ta jagoranci gabatar da shi, tare da goyon bayan ƙasashe irin su Najeriya da Togo. Wannan ya ba hukumomin lafiya na jihar Maraɗi hujjar neman kuɗi da abokan aiki. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinsu ba. Sashen koyon aikin likita na jami'armu da manyan asibitocin garin nan da ma'aikatan Danja su haɗu su tara hotunan cututtukan da ake gani a nan, da izinin masu su, kowane hoto da sunan cutar da Faransanci da kuma sunan da majinyaci zai faɗa da Hausa, a raba wa ɗalibai da kowane ƙaramin asibiti. A riƙa kiran majo-majo da ungozomomi horon yini ɗaya a kowace shekara irin wanda aka gwada a Mali. Idan kuma gurbin ƙaro karatu a fannin fata ya samu, a tabbata akwai mace a cikin waɗanda za a tura, a kuma ƙulla yarjejeniya da duk wanda aka tura cewa a Maraɗi zai yi shekarunsa na farko bayan ya dawo.